Kafin a Miƙa Masa Makullin Babur

A gidaje da yawa na Samaru da Sabon Gari maganar takan taso ne daidai lokacin da yaro ya gama sakandare, ko ya sami gurbin karatu, ko ya fara zuwa shagon ubangidansa a kasuwa. Ba kasafai yake tunkarar mahaifinsa kai tsaye ba, ta wajen uwa yake bi: "Umma, don Allah ki sa baki wajen Baba. Kuɗin da nake kashewa a mota da acaba, da tara su ake yi da tuni sun sayi mashin." Uwa ta ce ta ji, amma gabanta ya riga ya faɗi. Idan ɗan fari ne ma ba za ta nuna ba, kunya ba za ta bar ta ba, sai dai ta ƙara yawan addu'a. Idan maganar ta isa kunnen uba, amsar da aka fi ji ita ce "Ba yanzu ba." Yaro ya koma yana ganin an tauye shi, iyaye kuma su kwana suna tuna ɗan maƙwabcin da aka kwaso daga bakin titi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, shi ya sa maganar ba ta mutuwa da amsa ɗaya.

Hujjar yaron ba ta banza ba ce, domin Zariya ba dunƙulallen gari ba ne. Garuruwa ne da aka jera a kan hanya. Ga birni cikin ganuwa, ga Tudun Wada, ga Sabon Gari da ya tashi a gefen tashar jirgin ƙasa bayan dogo ya iso wajen 1911, ga Samaru can arewa maso yamma, wadda ta fara da gonar binciken aikin noma a 1922 kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sannan ga Shika a gaba. Ɗalibin da gidansu ke Muciya ko Cikaji, karatunsa kuma a Samaru, kullum sai ya yi tafiyar kilomita goma da wani abu zuwa, ya sake yin ta dawowa. Wanda gidansu ke Hayin Dogo amma yana karanta shari'a a Kongo, tasa tafiyar ta fi haka. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin bas da na Keke Napep suka bi ta. Babur mai ƙaramin inji kuwa ɗan mai kaɗan yake sha, ya kai mutum har ƙofar aji ko ƙofar shago, ba jiran mota ta cika. Duk uban da ke ba da kuɗin mota kowace safiya ya san lissafin yaron bai kauce ba.

Shi ma uban yana da tarihinsa da babur, kuma wannan tarihin yakan ruɗe shi ta hanyoyi biyu. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 suna tuna lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo hannun ma'aikata a 1975, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan reluwe suka cika gari da Vespa da Honda da Suzuki. A lokacin babur abin hawan magidanci ne mai shekara talatin ko arba'in, mai iyali a gida, yana tafe a hankali da babbar riga a naɗe, titi kuma ba cunkoso. Daga baya tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, acaba ta zama sana'a, sannan baburan Sin masu araha irin su Jincheng suka shigo, Bajaj Boxer ta Indiya ta biyo baya ta mamaye kasuwa. Uban da ke cewa "ni ma na hau, ba abin da ya same ni" yana auna titin yau da ma'aunin titin da babu shi yanzu. Wanda kuma yake ganin duk mai hawa babur ɗan ganganci ne ya manta cewa dubban malamai da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa a garin nan sun shekara ashirin suna hawa, sun aurar da 'ya'ya, ƙafafunsu lafiya lau.

Tsoron iyaye dai yana da tushe, kuma bai kamata a rage masa nauyi don a faranta wa matasa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe masu shekara 5 zuwa 29, ba zazzaɓi ba, ba yaƙi ba. Aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na mamatan masu babur ne da masu keke mai ƙafa uku. Maza sun ninka mata kusan sau uku, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rai. A Najeriya Hukumar Kiyaye Haɗurra takan ƙirga mutum dubu biyar da ɗoriya a shekara, amma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haura dubu talatin, saboda da yawa ba a kai rahotonsu. Mu ma mun san haka. Yaro ya faɗi da la'asar, ya cika da magariba, a yi masa sutura da safe, ba takardar da ta shiga ofishin kowa. Saurayi mai shekara goma sha tara a kan babur a titin Afirka ya haɗa kusan duk abubuwan da alƙaluman nan ke nunawa da yatsa.

Sai kuma titin da kansa. Hanyar da ta taso daga PZ ta bi ta Kwangila da Palladan ta wuce gaban babbar ƙofar jami'a, mutanen Samaru suna ɗaukarta titin unguwa, alhali babbar hanyar Funtuwa da Gusau da Sakkwato ce. A kanta tirela mai ɗauke da masara daga kasuwannin Giwa da Funtuwa take gudu, a kanta tankar mai take bi, a kanta motar shanu ke saukowa, kuma a kanta ɗalibai ke tsallakawa sayen burodi. Duk mai son ya gane abin da uwa ke ji, ya tsaya minti goma a ƙarƙashin gadar Kwangila da yamma. Bas ta ci birki a tsakiyar hanya don kwandasta ya hango fasinja. Keke Napep ya karkato ba sigina. Mai lemo ya turo baro. Wani ɗan acaba ya taho ta hannun da ba nasa ba yana danna hon, ga tirela ta kunno kai tana neman juyawa zuwa hanyar Kano. Direban tirelar nan yana can sama, akwai wurare a gefensa na dama da dab da gabansa da ko ya so ba zai ga babur ba, kuma idan ya sha kwana tayoyin baya sukan yanke hanya su bi ta inda mai babur ya ɗauka fili ne. Tsofaffin 'yan acaba sun san wannan, shi ya sa za ka ga sun ja baya sun bar ta ta gama juyawa. Sabon hannu shi ne yake ganin rata ya cusa kai.

Abin da ya sa watannin farko suka fi haɗari ke nan. Koyon tayar da babur da sa giya da sakin kuloci aikin yini ɗaya ne, shi ya sa yaro yake ɗauka ya iya. Abin da ke ɗaukar shekara shi ne karanta titi: ganin ƙafar mutum ta ƙarƙashin motar da ke tsaye, sanin cewa ƙofar tasi za ta iya buɗewa, gane cewa yashin da ruwa ya tara a kan kwana zai zame da taya, sanin cewa ruwan farko na damina yana taso da man da ya zuba a kwalta, cewa a hazon hunturu direban da ke bayanka bai gan ka ba sai ya zo dab. Lissafin gudu kuma ba ya sassauta wa kowa. Mai tafiya kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafarsa ta taɓa birki ya riga ya wuce tsawon bas uku. Idan aka ninka gudu biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa huɗu take yi. Akwai kuma wani kuskure da ya zama gado a wajenmu: ana gaya wa mai koyo kada ya taɓa birkin hannu, wai zai kifar da shi. Gaskiyar ita ce mafi yawan ƙarfin tsayawar babur a birkin gaba yake. Wanda ya dogara da na ƙafa kaɗai, ranar da yaro ya gifta masa tayar baya za ta ja ƙasa, babur ya juya da shi. Abin da ake koya shi ne matsa su biyun tare, a hankali sannan da ƙarfi, kuma ba a koyon wannan a ranar da ake buƙatarsa.

Ga shekaru kuma. Masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen da ke auna sakamako kafin a aikata abu ba ya gama nuna sai wajen shekara ashirin da biyar. Kakanninmu ba su karanta wannan ba, amma sun san jinin ƙuruciya. Yaron da ke tafiya a natse idan shi kaɗai ne, da zarar abokai biyu sun jero da shi a hanyar Basawa sai hannunsa ya murɗa totur ba tare da ya yi shawara da kansa ba. A ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya abin ya fi muni, nan ne ake ɗaga tayar gaba, ana kwanciya a kan sit, ana jan salansa a kwalta tana tartsatsi, 'yan kallo suna ihu.

To, in haka ne, me zai hana uba ya ce a'a ya huta? A nan nake rabuwa da iyaye da yawa da nake girmamawa. Hana yaro babur ba ya sauke shi daga kan babur. Gobe da safe acaba zai hau zuwa makaranta, a bayan wani yaron da bai fi shi shekaru ba, wanda ba a san inda ya koya ba, ba a san ko ya yi barci jiya ba, ba a san abin da ya sha ba, kuma ba hular kwano a kan kowa cikinsu. Da yamma kuma zai ari na abokinsa "ya je ya dawo", babur ɗin da bai san lafiyar birkinsa ba, yana sauri don kada a gane a gida. Yara da yawa da aka kwantar a asibitin Shika da karaya, a kan babur ɗin aro suka faɗi, iyayensu ma ba su san sun iya hawa ba. Uban da ya hana ya sami kwanciyar hankalin cewa ba da hannunsa ba, amma ya rasa abu ɗaya da yake da shi, wato ikon gindaya sharaɗi. Wannan iko sau ɗaya yake zuwa, kafin makulli ya bar hannunsa. Bayan nan sai dai nasiha.

Wannan ba ya nufin kowane yaro a saya masa. Akwai wanda iyayensa sun san halinsa: mai saurin fushi, wanda ba a gaya masa ya ji, wanda ya riga ya faɗi da na mutane sau biyu ya ɓoye, ko wanda ake zargin yana taɓa ƙwaya. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma duk wanda ke zaune a unguwa ya san tiramol da 'yan'uwansa ba su ɓace ba. Irin wannan yaron, a'a ita ce amsar, kuma a gaya masa dalili ido da ido, a gaya masa abin da zai canja kafin a sake zama. Wanda bai kai shekara 18 ba kuwa babu ma abin tattaunawa, doka ba ta ba shi lasisi, kuma abin takaici ne yadda ake ganin 'yan shekara goma sha uku an aike su cefane a kan roba-roba, ƙafarsu da ƙyar take taɓa ƙasa.

Idan an yanke shawarar saye, wane iri? A nan iyaye sun yi sa'a, domin abin da kasuwar Sabon Gari ta fi sayarwa ƙananan injina ne, masu si-si 100 zuwa 125, kuma su ne daidai da mai fara hawa. A Ingila ɗan shekara 17 ba ya wuce si-si 125, sai ya yi horon dole na farko kafin ya hau titi, kuma ba ya samun izinin hawa kowane irin babur kai tsaye sai ya kai 24. Su da suke da tituna masu kyau da motar asibiti a kusa suka ga dacewar a bi abin daki-daki. Manyan baburan nan na tokumbo masu ruri, waɗanda wasu 'ya'yan masu hali ke shigowa da su harabar jami'a, ba abin fara koyo ba ne, kuma uban da ya saya wa sabon hannu irinsu don yana da kuɗi bai yi masa gata ba. Tsakanin sabo da na hannu, na hannu mai lafiya ba laifi, amma a tafi da bakanike na gida, ba na mai sayarwa ba, ya duba birki gaba da baya, ya duba taya ko ta suɗe, ya duba sarƙa da fitila da sigina. A karɓi rasit na asali, a gwada lambar inji da ta jikin babur da abin da ke takarda, a yi cinikin gaban shaidu. Babur ɗin sata yana yawo da yawa, kuma ranar da mai shi ya gane abinsa, wanda aka kama a kai shi ne ɓarawo har sai ya wanke kansa.

Ku lura da abin da ke faruwa a mako na farko. Yaro yakan kai sabon babur wajen bakanike a kwance madubai biyun nan, wai suna sa shi ya yi kama da na tsofaffi. Wani ya sa a huda salansa don ƙara, wani ya canja fitilar baya zuwa mai walƙiya shuɗiya wadda ba ta nuna an taka birki. Madubin da aka jefa a ƙarƙashin gado shi ne kaɗai abin da zai nuna masa tankar da ke bayansa a Palladan. Uba ya faɗa tun farko: ranar da na ga babu madubi, makulli ya dawo.

Hular kwano ita ce inda muka fi faɗuwa, mu duka, manya da yara. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Babu wani abu guda da ake saya da kuɗi wanda ya kai ta amfani. Karayar ƙafa tana ɗoruwa, fatar da kwalta ta kwashe tana tsirowa, amma ƙwaƙwalwar da ta bugu ba a canja ta. Duk da haka, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hula ranar 1 ga Janairu 2009, abin da duniya ta ji daga arewacin Najeriya shi ne 'yan acaba sun kifa ƙwarya da tukwanen roba a ka don su wuce jami'ai. Aka yi ta yaɗa cewa ana sa asiri a cikin hular fasinja, wasu suka ce tana ɗauke da ƙwarƙwata da cutar fata, wasu suka ce ba ta zama a kan hula ko rawani ko ɗankwali. Cikin 'yan watanni dokar ta yi sanyi. A Biyetnam, ƙasa mai zafi wadda babur ya fi namu yawa, an fara irin wannan doka a Disamba 2007, kuma cikin kwanaki kusan kowa ya sa, saboda an shirya, an samar da hula mai araha, an kuma tsaya a kan dokar. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaba yana yawo da hula biyu, tasa da ta fasinja, ba wanda yake ganin abin kunya ne.

Duk uzurorin 2009 ba su shafi yaron da ke da babur ɗinsa ba, domin hularsa tasa ce shi kaɗai. Abin da ya rage shi ne zafi da kunyar abokai, sai kuma rashin sanin wace ce hular. Wadda ake gani rawaya ko fara, mara nauyi, ta masu aikin gini ce, an yi ta ne don bulo da ya faɗo daga sama, da an faɗi take tashi ta bar kai. Ta babur ta gaskiya, in ka juya cikinta za ka ga farin soso mai tauri, kaurinsa ya kai yatsa biyu, shi ne yake murƙushewa ya shanye bugun. Tana da maɗauri a ƙarƙashin haɓa, kuma in an sa ta aka girgiza kai ba ta rawa. Wadda ta rufe har haɓa ta fi, don fuska da muƙamuƙi suna cikin abin da ke fara dukan ƙasa. Hular da ba a ɗaure ba, ko wadda aka rataye a kan babur don tsoron jami'ai, daidai take da babu. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi kuma ta gama aikinta ko da ba ta tsage ba. A sa kuɗinta cikin kuɗin babur tun a wajen ciniki. Wanda kuɗinsa bai kai na hula ba, kuɗinsa bai kai na babur ba tukuna. Haka takalmi rufaffe maimakon silifa, kuma a kula da jallabiya da babbar riga, da hijabin ƙanwa ko uwa da za a goya, domin sarƙa da waya ta taya suna kama tufa su fizgo mutum ƙasa.

Koyo kuwa, tunda makarantun koyon tuƙi a nan sun fi karkata ga mota, dole gida ya cike gurbin. Kada a bar shi ga abokai, su ma jiya suka koya. A nemi dattijo cikin dangi ko unguwa wanda ya daɗe yana hawa ba tabo, kawu ko baffa ko tsohon ɗan acaba mai natsuwa, a ba shi amanar yaron. Su fara a filin makaranta ranar da ba karatu, a yi ta gwada tsayawar gaggawa har hannu ya saba. Daga nan layukan unguwa, sannan babban titi da sassafe, malamin yana biye da shi. A watannin farko ba goyo, domin nauyin mutum na biyu yana canja yadda babur ke tsayawa da shan kwana, kuma abokin da ke baya shi ne mai zuga. Ba fita bayan isha'i, ba hanyar Kaduna ko Kano, ba waya a kunne ko a maƙale cikin hula, ba ba da aro. Sannan a yi lasisi na ajin A, wanda shi ne na babur, a yi rajista a ɗaura lamba, a yanki inshora. Mutane da yawa suna ganin takardun nan kuɗin banza ne, har ranar da 'yan KASTLEA suka tare yaro, ko aka sace babur ɗin aka je wajen 'yan sanda ba abin nunawa.

Akwai wani tsoron da iyayen shekarun Udoji ba su san shi ba. Babur yanzu dukiya ce mai tsada da ake iya tuƙa ta a gudu, don haka masu ƙwace suna bin sa, musamman da dare a hanyoyin bayan gari da lungunan da ba wuta. A gaya wa yaro da baki, ba sau ɗaya ba: in an tare ka da makami, sauka ka ba su, ba wanda zai tuhume ka a gidan nan. Yara da yawa sun tsaya kokawa ne don tsoron abin da za su faɗa wa mahaifinsu. Doka ma tana iya juyawa dare ɗaya saboda tsaro. Kano ta hana acaba a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Kaduna ta yi tata dokar hana acaba a manyan garuruwanta a 2014, sannan a ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin jihar ta hana hawa babur gaba ɗaya, na haya da na gida, na tsawon wata uku a matakin farko, saboda 'yan bindiga. Mai sayen babur a jihar nan ya sa a ransa cewa wata rana za a iya ce masa ya ajiye. Wasu yaran kuma da sun ga aljihu ya bushe sai su fara ɗan kabu-kabu da dare a ɓoye. Neman halak ba abin kunya ba ne, amma sabon hannu da dare da fasinjan da ba a sani ba, haɗuwa ce mara kyau, gara a yi maganar a fili tun kafin ta faru.

Ko an yi duk wannan, ana iya faɗuwa, kuma abin da aka yi a awa ta farko yakan raba rai da mutuwa. Mun saba da an faɗi jama'a su taru su ɗaga mutum ta hannu da ƙafa, a zuba masa ruwa, a cusa shi a Keke Napep kansa na lilo. In wuya ko gadon baya ya taɓu, wannan ɗaukar ce take gurgunta shi. Wanda kuma kansa ya bugu, ko da ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, a kai shi asibiti, domin jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali. Amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewar magana bayan faɗuwa, alamu ne na a garzaya Asibitin Koyarwa na Shika ba tare da jiran safiya ba. Masu ɗorin gargajiya suna da mutuncinsu a cikinmu, kuma tsadar asibiti ce ke kai mutane wajensu, amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko ƙafar da ta kumbura ta yi sanyi bayan an ɗaure ta tamau, ba tasu ba ce. Likitocin ƙashi a arewa sun daɗe suna kukan cewa sai ƙafa ta ruɓe ake kawo musu, lokacin da ba abin da ya rage sai yankewa. A sa lambar wayar gida a aljihun yaro, a san rukunin jininsa.

Za a ce ai komai ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado zai tafi. Haka ne, kuma ba mai jayayya da wannan. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma ba mu taɓa barin ƙofar shago a buɗe da dare don mun yarda da ƙaddara ba. Addu'ar hawa abin hawa da uwa ke tuna wa ɗanta a bakin ƙofa da maɗaurin hular da ke ƙarƙashin haɓarsa ba kishiyoyi ba ne. Ya kamata limamanmu na Juma'a a Samaru da Sabon Gari su riƙa faɗar haka a kan mumbari, domin maganarsu tana isa inda ta jami'in hanya ba ta kaiwa.

Abu mafi wuya na bar shi ƙarshe, don ya shafe mu ne mu iyaye. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa ya ɗora 'ya'ya huɗu a babur zuwa Islamiyya, ɗaya a kan tanki, ba hula a kan kowa, yana bin hannun da ba nasa ba don ya guje wa zagaye, ba zai ɗauki wa'azin hular kwano daga bakin wannan uban da muhimmanci ba. Abin da ya gani shekara goma sha takwas ya fi abin da zai ji a zama ɗaya. Don haka, Alhaji, Malam, idan ɗanka ya kai shekaru, yana da natsuwa, kuma buƙatarsa ta gaskiya ce, ka saya masa ƙarami, ka zaunar da shi gaban mahaifiyarsa da wanda zai koya masa, a faɗi sharuɗɗa kowa ya ji, ka kuma cika alkawarin karɓe makulli ranar da ya saɓa. Idan ka shiga kasuwar Sabon Gari sayen hularsa, ka sayo biyu, ɗaya taka ce.